Alluna Dubu Tamanin a Kan Dutsen Gaya

"Malam, me za ka je yi a gidan gumaka?"

Tambayar da Alhaji ya jefo mini ke nan a masaukinmu na birnin Seoul, muna shan shayi bayan sallar asuba. Shi ne mai maɗaba'ar da nake yi wa aiki a Kano, shekara goma sha huɗu ke nan. Aikina duba rubutu kafin ya hau inji: in kamo harafin da ya faɗi, in mayar da lanƙwasar da ta ɓace, in hana "ƙasa" fitowa a matsayin "kasa". Abin da ya kai mu Koriya ta Kudu wani injin buga littattafai ne na hannu da aka yi mana tallarsa a unguwar Chungmuro, inda maɗaba'u ke jere ƙofa da ƙofa kamar shagunan Kantin Kwari. Ciniki ya faɗa da wuri, sai ya rage mana kwana uku kafin jirginmu ya tashi.

Ranar farko mun bi sahun sauran baƙi. Mun shiga fadar Gyeongbokgung, wadda aka fara ginawa a 1395, muka kalli dogarai cikin ja da shuɗi suna canjin gadi a bakin ƙofa, ga samari da 'yan mata sun yi hayar tufafin gargajiyarsu, hanbok, domin duk wanda ya sa shi ba ya biyan kuɗin shiga. Daga nan muka hau tudun Itaewon muka yi salla a babban masallacin da aka buɗe a 1976. Alhaji bai ga laifin fada ba. "Sarauta ce," in ji shi, "mun san ta a gida." Sai da na ce washegari zan tafi Haeinsa, gidan ibadar mabiya Buddha da ke kudancin ƙasar, fuskarsa ta canza.

Na ce masa, "Alhaji, ranka ya daɗe, allo zan je gani."

Alhaji mutum ne mai karatu, kuma bai yi maganar don raini ba. Ya tuna mini yadda Manzon Allah (SAW) ya bi ta kufan Samudawa a hanyar Tabuka, ya gargaɗi sahabbai game da shiga gidajen waɗanda aka halaka, ya kuma gaggauta wucewa. Ya ce zuciya kamar farin yadi ce, ba a kai ta kusa da tukunyar baba. Ni ma na san malamai sun yi saɓani kan shigar Musulmi wurin bautar wasu: akwai masu hanawa, akwai masu karhantawa idan da siffofi a ciki, akwai masu halattawa. Abin da babu wanda ya halatta shi ne taya su bautar. Don haka na yi masa alkawari uku, ni ma na yi wa kaina: ba zan rusuna wa komai ba, ba zan kunna turare ba, ba zan yi salla a cikin harabar ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. In ka dawo ka gaya mini abin da ka ƙaru da shi."

Jirgin ƙasa mai gudu ya kai ni Daegu cikin ƙasa da awa biyu, daga can na hau bas na kusan awa ɗaya da rabi zuwa gundumar Hapcheon. Sunan dutsen da Haeinsa ke kansa Gaya, daidai da sunan garinmu na ƙasar Kano, abin da ya sa na ji wani irin sabo tun ban isa ba. Ƙarshen watan Oktoba ne, ganyaye sun yi jajir, rafi na ta ƙara a gefen hanya. Daga inda bas ke tsayawa sai an taka sosai ana hawa. An kafa gidan a shekarar 802, kuma yana cikin manyan gidaje uku na addinin Buddha a Koriya: Tongdosa na wakiltar shi Buddha, Songgwangsa na wakiltar jama'ar masu zuhudu, Haeinsa kuwa na wakiltar koyarwar, saboda allunan da ke cikinsa.

A ƙofar babban ɗakin bautar na tsaya daga waje. Ga mutum-mutumi mai ruwan zinariya a zaune, ga takalma a jere a kan matakala. Wata tsohuwa, wadda za ta yi sa'ar mahaifiyata, tana durƙusawa ta kai goshi ƙasa, ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta sake komawa. Zuciyata ta ƙi abin da take yi ƙi na gaske, na ji kalmar shahada na motsi a bakina. A lokaci guda kuma na ji tausayin gwiwoyinta, na roƙa mata shiriya kamar yadda zan so a roƙa mini. Babu ɗayan biyun da ya kori ɗaya. Na kewaya ta bayan ɗakin, inda wata matakala mai tsayi ta miƙe sama.

A can sama, bisa ɗakin mutum-mutumin, a wuri mafi tsayi na dukkan harabar, nan suka ajiye littafinsu. Gine-gine huɗu ne na katako, biyu dogaye biyu gajeru, sun kewaye wani fili. Babu fenti, babu ado. Na kafa fuskata a jikin taga mai sandunan katako, iska mai sanyi ta bugo ni daga ciki da ƙamshin tsohon itace. Da idona ya saba da duhun, sai ga kantoci tun daga kusa da ƙasa har rufi, alluna baƙaƙe a tsaitsaye gefe da gefe, layi bayan layi har inda gani ya ƙare. Ni da na tashi a tsangaya na san jeren alluna a jingine a bangon zaure, amma ban taɓa tunanin ido zai ga allo 81,258 a wuri ɗaya ba.

Kowane allo ya kai kimanin santimita 70 a faɗi da 24 a tsayi, nauyinsa kilo uku zuwa huɗu. An sassaƙa shi ciki da bai da haruffan Sinanci, kowace fuska layi 23, kowane layi harafi 14. Na ciro biro na buga lissafin a bayan tikitin bas: 644 a allo guda, jimla ta haura harafi miliyan 52. Akwai kwafin allo ɗaya da suka ajiye a fili don baƙi su gani da kyau. Haruffan a juye suke, kamar yadda duk mai aikin ɗab'i ya sani, domin sai an shafa tawada an ɗora takarda sannan su fito daidai. Ma'ana, wanda ya sassaƙa su a baibai yake ganin aikinsa, kuma in wuƙarsa ta zame sau ɗaya a harafi na ɗari shida, wahalar makonni ce ta shiga hatsari. Ni kuskurena na kwamfuta ne, maɓalli ɗaya ke goge shi.

Dalilin sassaƙa su shi ya fi tsaya mini a rai. A 1011, lokacin da mayaƙan Kitan suka afka wa daular Goryeo, wadda daga sunanta aka samo "Koriya", sarki ya sa aka fara sassaƙa dukkan nassosin addinin Buddha don neman tsari. Maharan suka janye, aikin ya ci gaba har 1087. A cikin waɗannan shekaru ne ma tarihin daular ya rubuta zuwan fataken Larabawa, a 1024 da 1025 da 1040. Sai Mongol, waɗanda littattafanmu ke kira Tattar, suka shigo a 1231. A shekara ta gaba suka ƙone waɗancan alluna ƙurmus a gidan ibadar Buinsa kusa da Daegu. Sarki Gojong da gidan Choe, sojojin da ke riƙe da ainihin mulki, suka tsallaka tsibirin Ganghwa. Daga can aka yanke shawarar a sake sassaƙa komai daga farko, bisa hujjar cewa abin da ya kori Kitan zai kori Mongol. Shekara goma sha shida ana aikin, aka yi bikin kammalawa a 1251.

Mongol ba su tafi ba. A 1238, ana tsakiyar sassaƙa, suka ƙone hasumiya mai hawa tara ta Hwangnyongsa a Gyeongju. A 1254, shekara uku bayan an gama, tarihin daular ya rubuta cewa sun kwashi mutum fiye da 200,000 a matsayin bayi a shekara guda. A 1259 yarima mai jiran gado ya tafi ya miƙa wuya, ƙasar ta zauna ƙarƙashin inuwarsu kusan shekara ɗari. Kuma ba zan wanke masu mulkin ba: suna tsibiri ruwa ya kare su, talaka yana tudu dawakai na bi ta kansa, kuma daga guminsa aka ciyar da masassaƙa.

A nan ne na ji wata magana mai daɗin faɗa ta taso mini, irin wadda za a yi mata kabbara in an faɗe ta a majalisi: ga shi nan, sun roƙi wanda ba ya ji, bai amsa musu ba. Na kusa rubuta ta a littafina. Abin da ya riƙe hannuna shekara ɗaya ce, 1258. A shekarar ce Hulagu, ƙanen Mongke, babban sarkin da rundunarsa ke ragargazar Koriya, ya shiga Bagadaza. Ya kashe Halifa Musta'asim, aka yi wa Musulmi yankan rago, masu tarihi suka ruwaito yadda aka zubar da littattafai a kogin Dijla. Mutanen Bagadaza Allah ɗaya suke kira, akwai mahaddata da waliyyai a cikinsu, kuma babu shakka sun yi alƙunutu har muryoyinsu suka dushe. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. In na ce faɗuwar Goryeo hujja ce a kan addininsu, to na miƙa wa wani sandar da zai doke ni da ita a kan Bagadaza. Kuma mu da muka karanta Uhudu mun san masu gaskiya na shan kashi a fagen fama.

Haka nan ta ɗaya gefen. Wani jami'i mai yi wa baƙi bayani a wurin ya ce mana, cikin Turancinsa mai sauƙi, gobara ta tashi a Haeinsa sau da dama, ta 1817 ta cinye yawancin gine-ginen, amma ba ta taɓa ɗakunan allunan ba. Na ga wasu suna gyaɗa kai irin na wanda ya ga karama. Ni ban karɓi wannan a matsayin hujja ba, kamar yadda ban karɓi waccan ba. Dalar Fir'auna ma tana nan tsaye. Daɗewar abu a duniya ba ta shaidar gaskiyarsa, rushewarsa ba ta shaidar ƙaryarsa. Gaskiyar aƙida da wahayi da hankali ake auna ta, kuma ni na riga na san inda na tsaya.

To in ba karama ba ce, me ya tsare su shekara fiye da 770? Amsar tana nan a fili ga mai ido, kuma ita ce abin da na je gani ban sani ba.

Tun daga itacen aka fara. Ruwayar da ta shahara ita ce an jiƙa gungumen a ruwan teku shekara uku, aka yanka su, aka dafa a ruwan gishiri, aka shanya a inuwa inda iska ke ratsawa har suka bushe a hankali ba su tsage ba. Bayan sassaƙa aka shafe su da wani ƙaro na itace mai hana ruwa da ƙwaro shiga, aka ɗaure kusurwoyin da ƙarfe, aka sa wa kowane allo katako mai kauri a gefe biyu. Wannan katakon yana hana allo lanƙwashewa, yana kuma hana fuskar wani allo taɓa ta ɗan'uwansa, sai iska ta riƙa bi ta tsakaninsu. Ɗakunan da suke ciki, waɗanda aka sake ginawa a 1488, suna fuskantar kudu maso yamma. A bangon gaba, tagar ƙasa ta fi ta sama girma. A bangon baya, ta sama ta fi ta ƙasa. Iska na shiga ta wuri mai faɗi, ta zagaya tsakanin kantoci, ta fita. A ƙarƙashin daɓen kuwa an shimfiɗa gawayi da gishiri da farar ƙasa da yashi, masu shanye laima da damina su sake ta da rani. A shekarun 1970 gwamnati ta gina ma'ajiya ta zamani da siminti don a mayar da allunan, aka gwada da kaɗan daga ciki, sai ga fumfuna ta fito musu. Aka bar su a inda suke.

Na daɗe a tsaye ina kallon tagogin nan. Allah ne ya halicci iska, ya sa mata ɗabi'ar tashi sama in ta ɗumama. Shi ya sa wa gawayi shan laima, ya sa wa gishiri korar ƙwaro. Wanda ya lura da waɗannan ya yi aiki da su, sakamakon na zuwa masa ko da bai san sunan Mahaliccinsu ba, kamar yadda ruwan sama ke sauka a gonar mai salla da ta marar salla, wanda ya yi huɗa da kyau ya fi kwasar dawa. Sunnar Allah ce a duniya, kuma adalcinsa ne. Hisabin zukata yana lahira, a hannunsa shi kaɗai. Abin da aka bar mini in gani shi ne aiki, aikin nan kuwa an kyautata shi.

Wanda ya fi shiga raina a labarin wani malaminsu ne mai suna Sugi, shugaban masu duba rubutun. Abokin sana'ata ne. Bai ɗauki tsohon bugu ya kwafa ido rufe ba. Ya jera bugun ƙasar Sin na daular Song, da na Kitan, da na Goryeo na farko, ya bi su layi-layi, inda suka saɓa ya auna ya zaɓa, ya kuma rubuta dalilinsa a littafi mai juzu'i talatin, wanda shi ma aka sassaƙa shi a cikin allunan. Saboda ingancin wannan aiki ne, da malaman Japan suka tashi buga nasu babban kundin tsakanin 1924 da 1934, bugun Koriya suka ɗauka a matsayin tushe. Mutum yana zaune yana tantance ɗigon harafi alhali garuruwa na ci da wuta. Ana iya cewa ya shagala. Ni da na yi shekaru ina wannan aiki na san abin da ke zuciyar irinsa: amana ce aka ba shi, kuma yaƙi bai sauke masa ita ba. A gefen wasu allunan ma akwai sunayen masassaƙan, ƙanana, kamar yadda marubutanmu ke sa sunansu a ƙarshen littafi su roƙi mai karatu addu'a.

A nan ne kakana ya faɗo mini. Alaramma ne a wani ƙauye na ƙasar Haɗeja, ya rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin gamba, baƙin da baƙar tawada, wasali da ja. Da ya gama, gwanaye suka zauna suka bi shi warƙa-warƙa kafin a ce ya yi. Hanyarmu ta bambanta da ta mutanen Goryeo: su sun sassaƙa a itace don ya zauna, mu muna rubutawa a allon aduwa mu wanke, don ya koma ƙirji. Amma tsoron kuskure iri ɗaya ne. Kaka yana ajiye Alƙur'aninsa a gafakar fata, a rataye a turaka ta ginin ƙasa, nesa da daɓe. Duk azumi sai ya sauko da shi ya karance, yana juya warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kowa ya kira hakan kula da takarda ba.

Da ya rasu, muka ce za mu girmama shi. Muka naɗe gafakar a leda, muka sa a akwatin ƙarfe, muka kulle, muka ajiye a ƙasa jikin bango a sabon ɗakin siminti. Ni na sayo kwaɗon. Shekara shida babu wanda ya buɗe. Ranar da muka buɗe, warin ruɓa ne ya fara tarbarmu. Laima ta taru a cikin ledar, warƙoƙi sun manne da juna, jan wasali ya narke ya bi baƙi, tun daga Baƙara har tsakiyar Nisa'i sun zama dunƙule guda. Wani baffana ya ce, don ya sanyaya mana zuciya, ai Allah ya yi alkawarin tsare littafinsa. Gaskiya ya faɗa. Ko wasali ɗaya bai ɓace daga Alƙur'ani ba, yana ƙirjin miliyoyi. Amma alkawarin bai haɗa da hannun kakana ba. Wannan mu aka bar wa, muka kuma tozarta shi da kyakkyawar niyya. Muna yawan fakewa da tawakkali a inda sakaci ne ya ci mu, alhali tun muna yara aka karantar da mu hadisin mai raƙumi, wanda aka ce wa ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Akwai kuma waɗanda suka tsare allunan ba don sun yi imani da abin da ke ciki ba. Daular Joseon da ta karɓi mulki a 1392 ta ginu ne a kan koyarwar Kwanfushiyas, ta rage gidajen ibadar Buddha, ta ƙwace filayensu, har ta hana malamansu shiga babban birni. Duk da haka a zamaninta aka kawo allunan Haeinsa, a 1398, a zamaninta aka gina musu ɗakunan nan, kuma da jakadun Japan suka yi ta naci a zamanin Sarki Sejong a ba su allunan, aka hana. A 1951, lokacin yaƙin Koriya, 'yan sari-ka-noƙe suka ɓuya a dutsen, aka umarci wani hafsan sojan sama, Kim Young-hwan, ya yi wa wurin ruwan bama-bamai. Ya ƙi. Soja ne a fagen yaƙi, ya san abin da ƙin umarni ke jawowa. Da ya danna abin da aka ce ya danna, da aikin shekara goma sha shida ya zama toka kafin la'asar, da UNESCO ba ta sami abin da za ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1995 ba.

Na tambayi kaina: da ni ne a jirgin, ni da na yi imani cewa abin da ke cikin allunan ba shiriya ba ne, me zan yi? Ban yi jinkirin amsa ba. Ba zan jefa ba. A Suratul Hajji Allah ya ambaci kariyar wuraren ibadar Yahudu da Nasara tare da masallatai. A Suratul An'am ya hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa. Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunarsa wasiyya su ƙyale masu zuhudu a ɗakunan ibadarsu. Ni ba mufti ba ne, ba kuma zan ja waɗannan nassosi zuwa inda malamai ba su kai su ba. Amma tarbiyyar da suka yi mini ta isa ta nuna mini cewa ƙin aƙidar mutum bai ba ni izinin ƙone abin da kakanninsa suka bar masa ba. Mu da aka ƙona mana littattafai a Timbuktu a 2013 mun san zafin.

Maganar Alhaji game da kufan Samudawa kuwa, na yi ta juya ta a hanyar saukowa. Abin da na fahimta shi ne an hana shiga da gafala, ana dariya ana wasa a inda ya kamata zuciya ta girgiza. Kuma Alƙur'ani a wurare da yawa ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Na ga masu gafalar a Haeinsa, ƙabila-ƙabila: su iso da haki, su juya wa allunan baya, su ɗauki hoton fuskarsu, su sauka. Tsoron Alhaji yana da gurbi, domin wanda bai san addininsa ba, ko wanda kyan gini ke iya sace masa zuciya, gara ya tsaya a fada da kasuwa. Wanda kuwa ya san abin da ya yi imani da shi, ya shiga da ladabin baƙo da idon mai neman izina, ban ga abin da zai rasa ba.

Da na fita daga ƙofar ƙarshe na gangara bakin rafin, na yi alwala da ruwa mai sanyin ƙanƙara, na duba alƙibla a waya, na shimfiɗa rigar sanyina a kan wani faffaɗan dutse na haɗa azahar da la'asar. Wasu tsofaffi masu hawan dutse suka zo wucewa, suka rage murya, suka kewaye ta bayana. A ƙauyen da ke ƙasa na ci shinkafa da ganyayen dutse, na ce kada a sa nama, aka kawo mini yadda na nema.

Dare ya yi kafin in isa masauki. Alhaji na zaune yana jirana da carbi a hannu. Na nuna masa zanen tagogin da na yi a bayan tikiti, na ba shi labarin Sugi da na Bagadaza. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce shi har yanzu ba zai je ba, na ce ban ga laifinsa ba. Sai ya sake karɓar tikitin ya ƙura masa ido, ya ce, "Malam, ɗakin ajiyar takardunmu taga nawa gare shi?" Na ce ko ɗaya. Bayan mun dawo Kano da wata guda ya kira magini.

Abin da ya tsira na Alƙur'anin kakana yana wurina yanzu, daga ƙarshen Nisa'i zuwa Nasi, a rataye. Na san akwai gidaje da yawa daga Sakkwato zuwa Damagaram zuwa Yarwa da ke da irinsa a ƙasan gado ko cikin adaka, da littattafan fiƙihu da waƙoƙin ajami na iyaye da kakanni. Don Allah, mai irin wannan ajiya ya buɗe ta kafin damina ta faɗi. Ya cire ta daga leda, ya ɗaga ta daga ƙasa, ya nisanta ta da bango mai laima, ya samu wanda zai ɗauki hoton kowace warƙa, sannan ya riƙa sauko da ita ana karantawa ko sau ɗaya ne a shekara.